Duba Da Tsoron Fatalwa: Ina Matsayinsu A Wajen Mai Imani?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Tambayar da za mu duba a wannan mako ta daɗe tana yawo a zaurukan karatu, watau shin mutumin da ke salla da azumi, amma in zai yi aure ko tafiya sai ya je an buga masa ƙasa, ko kuma ya tabbata a ransa cewa mamaci na dawowa ya tsorata mutane, imaninsa na nan lafiya kuwa? Maganar ba ƙarama ba ce, domin sau da yawa aure ya mutu saboda ɗan duba ya ce kishiya ce ta sa hannu, an kuma sha jifar tsohuwa da sunan maita, ba don kome ba sai don an watsa wuri ya nuna ta.

Tushen al'amarin shi ne sanin gaibu. Aya ta 59 a Suratul An'ami ta bayyana cewa mabuɗan gaibu a wurin Allah suke Shi kaɗai, aya ta 34 a Suratu Luƙman kuma ta nuna babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, ko ƙasar da zai mutu a cikinta. To, abin da ɗan duba ke sayarwa ke nan. Ko ya zana layuka bisa rairayi ya fitar da gidajen nan 16 na bugun ƙasa, ko ya lissafa haruffan sunanka da na mahaifiyarka, ko ya ce tauraronka ne ya faɗi, da'awar ɗaya ce. Haka nan wanda ya koma yin sana'ar ta wayar hannu ko ta Facebook, tsohuwar hajar ce ya sake wa buhu.

Wani zai ce ai aljanu ne ke gaya musu. Sai mu tuna masa ƙissar Annabi Sulaimanu a aya ta 14 ta Suratu Saba'i. Ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu na ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi sa'an nan suka farga. Wanda bai san mutuwar da ke gaban idonsa ba, ina zai san abin da zai same ka baɗi? Game da dacewar da bokaye kan yi wani lokaci kuwa, Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah ya bayyana ta da kalma guda ta gaskiya da aljani kan fizgo ya sa a kunnen boka, shi kuma ya gauraya ta da ƙarya ɗari. Halin ɗan Adam ne ya riƙe ɗayar da ta faru, ya manta da ɗarin da ba su faru ba.

Malamai sun kasa masu zuwa wurin ɗan duba kashi uku. Akwai wanda ya je don ya jarraba shi ya tona asirinsa, kamar yadda Annabi ya jarraba Ibnu Sayyadi a Madina, wannan babu laifi ga mai ilmi. Akwai wanda ya je ya yi tambaya kawai, shi ne wanda hadisin Muslim ya ce ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Sai wanda ya gaskata cewa ɗan duba ya san gaibu, shi ne hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito ya siffanta da kafirce wa abin da aka saukar wa Annabi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya tsananta a kan wannan cikin littafinsa Nurul Albab, inda ya ambaci masu da'awar sanin gaibu ta zanen ƙasa da taurari cikin waɗanda suka gauraya Musulunci da ayyukan kafirci. Amma fa a lura, bayyana hukuncin aiki daban, yanke wa wani mutum hukunci daban. Talakan da jahilci da damuwa suka kai shi, karantarwa yake bukata kafin kome.

Masu bugun ƙasa kan kafa hujja da hadisin Mu'awiya ɗan Hakam, wanda ya ambaci wani annabi da ke yin zane. Imamu Nawawi ya warware wannan da cewa an rataya halaccin ne a kan dacewa da zanen wancan annabi, mu kuwa ba mu da hanyar sanin dacewar, saboda haka ƙofar a rufe take. Tarihi ma ya ba da tasa shaidar. Masu tarihi sun ruwaito cewa masu duban taurari sun gargaɗi Halifa Mu'utasim kada ya fita yaƙin Ammuriyya a lokacin da ya yi niyya, ya ƙi saurarensu, ya ci birnin a shekarar 223 ta Hijira, daidai da 838.

Kada a ɗauka duk kallon sama haramun ne. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa, ta yarda a dubi taurari don gane alƙibla da sassan dare. Manomin da ke lura da Kaza da 'Ya'yanta don sanin ƙaratowar damina, da ma'aikacin da ke auna iska da gajimare ya ce ana sa ran ruwa, da likitan da ya duba hoton ciki, duk da sababi na zahiri suke aiki. Iyakar ita ce wadda hadisin Hudaibiyya cikin Muwaɗɗa ya shata: a jingina ruwan ga falalar Allah, kada a jingina shi ga tauraro.

Sai batun fatalwa. Imani da aljanu wajibi ne, tun da sura guda aka saukar da sunansu. Amma cewa ran mamaci na barin makwancinsa ya riƙa gewaya gida, wannan ba shi da asali. Ayoyi na 99 da 100 a Suratul Muminun sun nuna mai roƙon a mai da shi duniya ba a amsa masa, akwai barzahu a bayansa har ranar tashi. Tirmizi ya ruwaito cewa mahaifin Jabir, wanda ya yi shahada a Uhudu shekara ta 3 bayan Hijira, ya roƙi Ubangiji Ya komo da shi duniya don ya sake yin shahada, aka sanar da shi hukunci ya riga ya gabata babu komowa. Idan shahidi bai sami wannan ba, wa zai samu? Larabawan Jahiliyya ma suna da irin wannan camfi, suna cewa wani tsuntsu na fita daga wanda aka kashe yana kuka a kan kabarinsa har a ɗaukar masa fansa, Annabi ya kore shi cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito.

To, me mutane ke gani? Wani lokaci shaiɗan ne, domin yana iya ɗaukar siffar mutum, kamar yadda ya zo wa Abu Huraira dare uku yana satar abincin zakka. Sau da yawa kuwa duhu ne da tsoro, ko zafin rashi, ko zazzaɓi, ko dannau, wanda likitoci suka bayyana da cewa mutum ne ke farkawa alhali gaɓoɓinsa ba su gama sakewa daga barci ba. Wani lokacin ma ɓarawo ne ya yafa farin ƙyalle. Ganin mamaci a mafarki yana yiwuwa, sai dai ba a gina hukunci a kansa, balle a tuhumi wani da kisa saboda shi. Faɗuwar gaba cikin duhu kuma ba ta warware imani, ɗabi'a ce, Annabi Musa ma ya ji tsoro da sandarsa ta zama maciji. Inda ɓarna take shi ne a yi wa abin tsoron yanka, ko a nemi tsarinsa, aya ta 6 a Suratul Jinni kuwa ta nuna masu neman tsari da aljanu ba su ƙaru da kome ba sai wahala.

Addini bai bar mu hannu rabbana ba. Mai shakka kan aure ko fatauci ya yi bincike, ya shawarci masana, ya yi raka'a biyu na istihara da kansa ya karanta addu'ar da aka koyar. Istiharar da ake biyan kuɗi a tambayi sunan uwa, gobe a zo a karɓi labari, duba ce aka naɗa wa rawani. Mai tsoron dare ya riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Mamacinmu kuwa addu'a da sadaka da biyan bashinsa yake bukata daga gare mu.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da kyau. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.