Kafin a Sallama Maka Tsohon Babur

Da zarar amfanin gona ya shigo gida, kuɗin wake da gyaɗa da riɗi suka fara zagayawa, masu rake na fadamun Korama suka fara loda wa motoci, sai zancen babur ya mamaye majalisu a Dogo. Ba abin mamaki ba ne. Garin yana bakin titin da ya taso daga Damagaram ya nufi Magarya, amma ƙauyukan da ke kewaye da shi yawancinsu ba su san kwalta ba, sai turbar rairayi. Mai babur ne ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare, shi ke riskar kasuwar Mirriya tun kafin rana ta yi zafi. Sabo kuwa ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, shi ya sa ido ke komawa kan na hannu.

A nan ne ake tafka asara, don tsohon babur iri biyu ne, kuma dillali ba zai raba maka su ba. Akwai tsoho mai shekaru, akwai gajiyayye. Yamaha da wani malamin makaranta ya yi shekara 25 yana hawa daga gida zuwa aji, yana juye baƙin mai a kan lokaci, yana kwantar da shi a zaure, zai iya fin lafiya a kan babur ɗan shekara 3 da ya yi kabu-kabu a Zinder, yana ɗaukar mutum uku da buhun gero tun asuba har isha. Na farko fentinsa ya koɗe, na biyu yana ƙyalli don an yi masa wanka da sabuwar rigar kujera. Mai saye da ido na biyun zai ɗauka.

Waɗanda suka manyanta suna tuna zamanin Mobylette ta Faransa, wadda aka fara ƙerawa a 1949, da Vespa, da Suzuki A100, da Yamaha DT125 da AG100 da ma'aikatan furoje da malaman gona ke ratsa daji da su. Bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan Japan da na Turai suka yi tsadar da talaka ba ya iya kusantarsu. Daga baya baburan China irin su Kasea da Jincheng da Haojue suka cika kasuwa, Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta biyo baya. Tsofaffin na Japan ba su ƙare ba, kuma har yanzu sunansu yana sa mai saye ya saki baki. Sunan ya cancanci yabo. Sai dai suna ba ya tayar da babur ranar da wani ƙaramin ƙarfe ya karye a cikin injinsa.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka fara zuwa wurin mai sayar da kayan gyara kafin ka je wurin mai babur. Ka tambaye shi kuɗin fistin da ringi na irin wanda kake so, da faifan kulos, da sarƙa, da kayan wuta. In ya miƙa hannu ya sauko maka da su daga kanta, to ka samu abin hawa. In kowane abu sai ya ce “sai an aika Kano”, ka sani duk ranar da ya lalace zai yi sati biyu a jingine, kai kuma kana biyan kabu-kabu. A wannan fanni Honda CG125 ta yi sa'a. An fito da ita a 1975, bayan injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda mutane ke lafta wa babur kaya, ba sa juye mai sai ya zama kamar kwalta. Sai suka yi inji mai sauƙin sha'ani, mai jure wulaƙanci. Kamfanonin China da yawa wannan injin suka kwaikwaya, don haka kayansa ba sa wuya. Su DT125 da AG100 da A100 kuwa injinsu irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne. Suna da ƙarfi a rairayi, amma suna shan mai, kuma a da yawansu famfon da ke zuba baƙin man da kansa ya daɗe da mutuwa, sai dai a riƙa haɗawa da hannu a tanki. Ranar da aka manta, ko yaro ya ara bai sani ba, inji ya kama.

Rubutun da ke jikin tanki kuwa kada ya ruɗe ka, don takardar liƙawa ce da ake sayarwa a kowane shagon kayan babur. Asalin babur yana wuyansa, a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin kan, inda aka buga lambar shasi. A baburan da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau, lambar ta ƙa'ida haruffa da alƙaluma 17 ce. In ta fara da J, ƙirar Japan ce. In ta fara da L, ta China ce, ko da an rubuta Honda da ruwan zinariya a tanki. Ta Bajaj tana farawa da MD2. A baburan China, abu na goma a jerin yana nuna shekara: A na nufin 2010, F na nufin 2015, L na nufin 2020. Mutum ya ce maka “bara na fitar da shi daga kwali”, kai kuma ka ƙirga ka ga F, ka san da wanda kake ciniki. Tsofaffin da suka riga wannan tsari lambarsu ta fi gajarta, wannan ba aibi ba ne. Aibi shi ne ka shafa wurin da yatsa ka ji an goge shi da zarto, ko ka ga alƙaluman ba su tsaya a layi ɗaya ba, wani ya fi wani zurfi, ko an shafa sabon fenti a wurin kaɗai. Ka ga haka, kada ma ka taya.

Wannan ya kawo mu ga takardu, inda mutanenmu suka fi sakaci. Iyaka tana kusa. Daga Magarya zuwa Ɓaɓura, daga Matamai zuwa Daura, daga Dungas zuwa Maigatari, tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma tun da naira ta faɗi warwas bayan watan Yunin 2023, mai sefa yana jin kansa attajiri a kasuwannin can. Babura na hannu kuma suna da yawa a Najeriya, musamman da yake manyan birane sun yi ta hana acaɓa: Kano a watan Janairun 2013, Legas a wasu unguwanninta a 2020 da 2022. Sai ka ji farashi ka ce ka tsinci dami a kala. Amma babur ɗin da ya shigo ta barauniyar hanya bai biya duwan ba, kuma kuɗin duwan bashi ne da ke bin babur duk hannun da ya shiga. Wanda aka tare da shi a shinge shi zai biya, da tara a kai. In kuma na sata ne, dokar Nijar tana hukunta wanda ya karɓi kayan sata, kuma “wallahi saye na yi” ba ta fitar da mutum in ba shi da takarda da shaidu.

Zamanin ma ya canza. Tun da aka hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, aka kuma yi haka a sassan Tillaberi a farkon 2020 saboda ƴan bindiga da ke kai hari a kansa, jami'an tsaro ba sa kallon babur marar lamba da idon da suke kallonsa a da. Jihar Damagaram tana cikin rufin asirin Allah, amma jandarma ɗaya ne a ko'ina. Don haka ka nemi takardar duwan da kart giriz, wato takardar rajistar babur, ka ɗora su a kan babur, ka karanta lambar shasi harafi bayan harafi kana dubawa a wuyansa. Ka duba sunan da ke kan takarda, ka dubi katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. In sunan wani ne, ina takardar da ta nuna yadda ya zo hannunsa? “Na ƙanena ne, yana Libiya” amsa ce da ake yawan ji. Wataƙila gaskiya ce. To a kira ƙanen a waya a gaban mutane.

Sai inji. Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ku je da sassafe, kuma kafin a taɓa komai ka ɗora bayan hannunka a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi don kada ka ga wahalar tashinsa, sai ku zauna ku sha shayi har ya huce. Lafiyayyen inji yana tashi a bugu ɗaya ko biyu, kuma ƙafarka za ta ji yana turjewa. Wanda sandar bugunsa ke sauka salalam ba turjiya, ƙarfinsa ya tafi. Bayan ya tashi, ka koma baya ka tsuguna wajen salansa, a murɗa mai a saki. A injin da ba ya haɗa mai, shuɗin hayaƙi yana nufin yana cin baƙin mai, ringi ko silinda sun gaji. Baƙin hayaƙi yawanci matsalar kafireta ce, gyaranta ba tsada. A kwance buji, wato filogi: bakinsa ya kasance ruwan ƙasa, a bushe. In ya fito baƙi yana naso, ya ba da shaidar da mai babur ya ɓoye.

Ka zaro ma'aunin mai ka murza tsakanin yatsu biyu. Akwai masu zuba mai kauri irin na giyar mota don ya danne ƙarar inji na kwana biyu. Za ka ji shi yana danƙo, yana wari daban. Ka dubi kawunan kusoshin inji: in duk sun cinye, an sha buɗe shi. Buɗewa ba laifi ba ce ga tsohon babur, amma a faɗa maka me aka yi. Musamman ka tambaya sau nawa aka faɗaɗa silinda, don fistin yana da matakai, daga na asali zuwa 0.25, 0.50, 0.75, har 1.00. Wanda ya kai na ƙarshe, gyaran gaba sai sabuwar silinda. Kada ka bar wurin ba a buɗe akwatin matatar iska ba. A ƙasarmu ta rairayi da ƙurar hunturu, babur ɗin da aka cire wa soso “don ya ƙara gudu” ya daɗe yana haɗiyar yashi, kuma yashi a cikin silinda aikin zarto yake yi.

Agogon kilomita ba abin dogaro ba ne, yawancinsu wayarsu ta tsinke tun tuni. Robar matakin ƙafa da ta hannu da sandar birki sun fi shi faɗin gaskiya. A ɗaga tanki a duba ko an taɓa yi wa ƙashin babur walda. Ka hau, ka sami wuri mai tauri, ka sassauta hannu kaɗan: in yana ja gefe guda, wataƙila ya taɓa faɗuwa mai tsanani, kuma irin wannan ba ya miƙewa da sauƙi. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa, alƙaluma huɗu a gefensu: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019. Taya mai sauran zane amma ta tsattsage don tsufa, kuɗin sabuwa ne za ka cire daga farashi.

To nawa ne daidai? Babu wanda zai rubuta maka adadi ya tsaya, don farashi yana tafiya da naira da iyaka da damina. Amma akwai ma'auni. Ka fara sanin kuɗin sabon babur na China da takardunsa cikakku a shagunan Zinder a wannan satin. Sannan ka haɗa kuɗin tsohon da ake yi maka talla, da abin da bakanike ya lissafa na gyara, da abin da takardu za su ci. In jimillar ta kusa kama kuɗin sabo, tsohon ya yi tsada, sai fa in na Japan ne na gaske mai cikakkiyar lafiya, wanda ka tabbatar kayansa suna samuwa. A ce jaka 250 gare ka. Kada ka nemi babur na jaka 250. Ka nemi na 190 ko 200, ragowar ta tafi ga baƙin mai da sarƙa da birki da canjin suna da inshora da hular kwano. Hular nan ita ce mutane ke fara yankewa daga lissafi, alhali kuɗinta bai kai na jinyar rauni a babban asibitin Zinder ba.

Lokaci ma yana da nasa farashi. Bayan kaka da gab da Sallah kowa na da kuɗi, masu babura suna ja da ƙarfi. Da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ana neman kuɗin iri da taki, masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Wanda zai iya riƙe kuɗinsa wata huɗu ba tare da biki ya cinye su ba zai sami sauƙi. Ban ce a matse wanda yunwa ta kora kasuwa ba, wannan tsakanin mutum ne da Ubangijinsa. Dillali kuwa la'adarsa tana ƙaruwa ne da tsadar kaya, don haka yabon da yake yi aikinsa ne. A yanke la'ada tun farko, a san wa zai biya, kuma ka nemi ka ji farashi daga bakin mai babur da kunnenka.

A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa. Haƙƙin yana nan, amma karɓarsa sai da hujja. Don haka a rubuta takardar ciniki da sunayenku, da lambar shasi da ta inji, da adadin kuɗi, da abin da mai shi ya faɗa game da lafiyar babur, da kwanakin gwaji in kun yi sharaɗinsu. Shaidu biyu su sa hannu, a kai ofishin magajin gari ko komisariya a buga hatimi. Canjin suna a kart giriz kuma a fara shi a satin, tun mai sayarwa yana gari, don da yawa suna sayar da babur ne su yi kuɗin motar Agadas, kuma wanda ya tafi ci-rani ba ya dawowa sai ruwa ya sauka.