Ƙaramin jirgin ruwa a kan tebur: sha'awar da za ta iya adana tarihin tashar Garwa

A ƙasashe da dama akwai mutanen da ke shafe makonni, wani lokaci watanni, suna haɗa ƙaramin jirgin ruwa da bai wuce tsawon kamu ɗaya ko biyu ba. Ba abin wasan yara ba ne. Kwafi ne na wani jirgi na gaskiya, an rage girmansa bisa lissafi, har da igiyoyi da tagogi da anga. Da Faransanci ana kiransa maquette. Ga mazauna Garwa, birnin da ya taɓa rayuwa da jiragen kogin Binuwai, wannan sha'awa tana da amfanin da ya wuce ado.

Mene ne a cikin kwalin?

Kamfanoni na sayar da jirgin a warwatse cikin kwali: gutsattsarin roba ko katako, takardar zane mai nuna inda kowane yanki zai zauna, da tambarin da za a liƙa. Mai haɗawa shi zai nemi gam da fenti da ƙaramar wuƙa da takardar goge katako.

Kamfanin Airfix na Ingila ya fara fitar da irin waɗannan kwalaye na roba a farkon shekarun 1950, da jirgin Golden Hind. A Faransa an kafa Heller a 1957, kuma jirginsa Soleil Royal, wanda aka kwaikwayo daga jirgin yaƙin Sarki Louis na 14, yana da gutsattsari fiye da 2,000. A Japan akwai Tamiya, wanda ya yi suna da jiragen yaƙin duniya na biyu.

Al'adar kanta ta girmi kamfanonin nesa ba kusa ba. A 1920 masu tonon kayan tarihi sun samu ƙananan jiragen katako a kabarin Meketre, wani babban jami'in Masar da ya rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Daga irin waɗannan ne masana suka ƙara fahimtar yadda ake tuƙi da kamun kifi a kogin Nilu a wancan zamani.

Me lambobin kan kwalin ke nufi?

Kowane kwali na ɗauke da lamba kamar 1:350 ko 1:700. Ma'anar 1:350 ita ce santimita ɗaya a jikin ƙaramin jirgi daidai take da santimita 350 a jikin na gaskiya. Titanic, wanda tsawonsa ya kai mita 269, yakan koma kimanin santimita 77 a ma'aunin 1:350, ko 38 a ma'aunin 1:700.

Ƙa'idar ita ce komai ya bi ma'auni ɗaya. Idan aka rage gangar jirgi sau 100 amma aka rage ƙofa sau 50 kawai, ido zai gane kuskuren nan take. Shi ya sa mai wannan aiki ba ya rabuwa da rula da lissafin rabawa.

Jiragen da suka zo Garwa

Binuwai na da tsawon kimanin kilomita 1,400 daga tsaunukan Adamawa zuwa Lakwaja, inda ya haɗu da Neja. A watan Yunin 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya tsallaka shi a mahaɗarsa da kogin Faro. A 1854 jirgin tururi mai suna Pleiad, ƙarƙashin Dokta William Baikie, ya hauro kogin daga teku, kuma ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe ko mutum ɗaya ba, saboda maganin kwinin da ma'aikatansa suka riƙa sha. A 1903 wani hafsan Faransa, Eugène Lenfant, ya bi ta Garwa da jirgin ƙarfe mai suna Benoît-Garnier, ya shiga Mayo Kebbi, aka kwance jirgin aka ɗauke shi a ka don tsallake gangaren ruwa, har ya kai kogin Logone.

Daga baya tashar Garwa ta zama ƙofar kasuwancin arewacin Kamaru da kudancin Chadi. Tasha ce ta damina: sai ruwa ya cika, wajen watan Agusta da Satumba, jirage ke iya haurowa daga Burutu ta Lakwaja da Makurɗi da Yola. Sukan kawo gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. Cikin 'yan makonni ake yin cinikin shekara, kuma 'yan dako da fatake da dillalai, cikinsu har da Hausawa da yawa, sun ci abinci a bakin wannan ruwa.

Abubuwa uku suka durƙusar da harkar. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar kogin. Layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, kaya suka koma bin jirgin ƙasa da manyan motoci daga Duwala. Sannan madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982, ta sauya yadda ruwan ke cika a kowace damina.

Jirgin da babu shi a kwali

Manyan kamfanonin nan sun fi mayar da hankali kan jiragen yaƙi da na fasinja na Turai da Amurka da Japan, don su ne ke da kasuwa. Wanda ke son jirgin dakon Binuwai ko kwalekwalen masuntan Lagdo, sai dai ya ƙera da kansa tun daga tushe.

Hanyar ba ta da sarƙaƙiya. Kwalekwale yana nan a bakin kogi, ana iya auna shi da tef: tsawo, faɗi a wurare uku ko huɗu, da zurfi. Mai mita 10 zai koma santimita 50 a ma'aunin 1:20. Jiragen da suka ɓace kuwa, sai an haɗa tsofaffin hotuna da bayanin dattawan da suka yi aiki a tasha. Idan akwai mutum tsaye a cikin hoton, tsayinsa na taimakawa wajen ƙiyasta girman jirgin. A nan ne gaggawar take: wanda ya yi dako a tashar yana saurayi a 1965, yau ya doshi shekara 80. Abin da ya sani game da inda injin yake da yadda ake ɗaure jiragen kaya a jikin mai turawa, ba lallai ne a same shi a rubuce ba.

Yankin yana ma da abin alfahari da ya fi haka daɗewa. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya gano a 1987 yana haƙa rijiya a yankin da ke cikin jihar Yobe a yau, ya kai kimanin shekara 8,000, kuma tsawonsa ya ɗan haura mita 8. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. A ma'aunin 1:20 bai fi santimita 42 ba, aikin da ɗalibin firamare zai iya da ɗan taimako.

Kayan aiki da yanayin arewa

Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa ya riga ya san rabin aikin. Cikin tukurwa mai laushi yana da sauƙin sassaƙa, kuma ba shi da nauyi. Ragowar katako daga wurin kafinta, kwali mai kauri, gwangwanin madara, zaren ɗinki da wayar tsohuwar rediyo duk suna shiga aiki.

Yanayi ne ke buƙatar lura. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40. Gam na bushewa kafin a daidaita yanki, roba kuma na iya lanƙwashewa idan aka bar ta a rana ko cikin mota. Gara a yi aikin da sassafe. A lokacin hunturu ƙura na manne wa ɗanyen fenti, don haka a kife kwali a kan jirgin har ya bushe. Na katako kuma a shafa masa vanish, a ajiye shi nesa da bango saboda gara. Gam ɗin roba da fenti suna da wari mai cutarwa, a yi amfani da su inda iska ke shiga, wuƙa kuma kada a bar wa ƙananan yara.

Mai son sayen kwali daga waje ya tuna cewa kuɗin aikowa da na kwastan na iya kusan kai kuɗin kayan. Ga mai farawa, ƙaramin jirgi mai gutsattsari kaɗan ya fi. Da yawa sun fara da babba, suka gaji, ya ƙare a saman kabad.

Tambayar da iyaye kan yi

Wasu iyaye kan tambaya ko addini ya yarda da irin wannan sassaƙa. Maganar da malamai suka yi kan mutum-mutumi ta shafi siffar abu mai rai ne. Jirgi da gida da bishiya ba sa cikin wannan, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Ƙananan mutanen roba da kan zo a wasu kwalaye kuwa, mai shakka na iya barin su, jirgin ba zai rasa komai ba.

A makaranta, jirgi ɗaya na iya ɗaukar darasi uku: lissafin ma'auni, tarihin kasuwancin Binuwai, da aikin hannu. Abin da ake buƙata don farawa shi ne tef ɗin awo, littafin rubutu, da yini ɗaya a bakin kogi tare da masu sassaƙa kwalekwale da tsofaffin ma'aikatan tasha.