Idan Edita Ya Ce Ba Ya Son Dabba Mai Magana

Richard Adams ma'aikacin gwamnati ne a Ingila lokacin da ya fara ba 'ya'yansa mata biyu labarin wasu zomaye a cikin mota, don ya rage musu nisan hanya. Yaran suka matsa masa lamba sai ya rubuta. Da ya gama ya shiga aika wa kamfanonin ɗab'i, su kuma suna dawo masa da kayansa ɗaya bayan ɗaya. Dalilin da aka yi ta ba shi kusan guda ne: manyan yara ba za su karanta ba, don a wurinsu labarin zomo na 'yan ƙanana ne, ƙananan kuwa ba za su iya ba, don salon rubutun na manya ne. Daga ƙarshe wani ɗan ƙaramin mai ɗab'i a Landan, Rex Collings, ya buga shi a 1972 da sunan Watership Down, kwafi 2,500 kacal. Littafin ya ci lambar yabo ta Carnegie, aka kuma sayar da miliyoyinsa.

Sababbin marubuta na son wannan labari, don yana sanyaya zuciyar wanda aka dawo wa da rubutunsa. Sai dai yawancinsu darasin da suke ɗauka a ciki shi ne wai editoci ba su san abin da suke yi ba. A sake duba abin da editocin nan suka faɗa. Zomaye ne a littafin? Su ne. Salon na manya ne? Na manya ne. Ba su yi wa littafin ƙarya ko ɗaya ba. Inda suka faɗi shi ne hasashen wanda zai saya. A kowace wasiƙar edita mutum biyu ne ke magana, mai karatu da ɗan kasuwa, wani lokaci har da na uku, matsoraci. Aikin marubuci shi ne ya gane wane ne ya rubuta wace jimla.

Kafin a kai ga wasiƙa, gara a san abin da dabba take yi a labarin yara tun farko. Yaro ba ya tambayar zomo garinsu, ko addininsa, ko ubansa mai kuɗi ne. Kowane yaro yana iya shiga rigarsa. Sannan dabba tana ba da 'yar tazara: abin da zai firgita ɗan shekara shida in ya sami yaro irinsa, kamar yunwa, maraici ko mutuwa, yana iya saurara in ɗan tsako ya samu. Mu kuwa da muka tashi da tatsuniya mun san wani amfani na daban. Da an ce Gizo, an gama gabatarwa. Kowa ya san kwaɗayinsa da ha'incinsa da tsamin bakinsa, ya san Ƙoƙi za ta sha wahala. Kura ga kwaɗayi ga tsoro, dila malamin daji, zaki manyan dawa. Wanda ya leƙa tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, zai ga waɗannan halaye ba su canja ba. Wannan gata ne, kuma nan ne marubuci yake yin barci. Tunda dabbar ta zo da halinta, sai ya ga ba sai ya gina mata komai ba.

Wasu kamfanoni a Ingila da Amurka sukan rubuta ƙarara a ƙa'idojinsu cewa kada a turo musu labarin dabba mai magana, alhali in ka buɗe jerin littattafansu beyar ne da ɓeraye da agwagi suke ta surutu. Ba munafunci ba ne. Wani nau'in labari ne ya ishe su, kuma mu ma muna da shi. Ga yadda yake: wata 'yar akuya ta tashi da safe, ta wanke baki, ta sa kayan makaranta. Uwarta ta ce kada ta bi ta bakin rijiya. Ta ƙi ji, ta faɗa, aka ciro ta, ta yi kuka ta tuba, marubucin ya rufe da nasiha a kan bin iyaye. To, a cire akuyar a sa Ladidi. Me ya canja? Ko kalma ɗaya. Akuyar nan ba ta ci takardar kowa ba, ba ta hau katanga ba, ba a ɗaure ta a turke ba, ba ta gudun ruwan sama kamar yadda kowace akuya take yi. Yarinya ce aka lulluɓa wa fata don wa'azi ya wuce. Yara kuwa suna jin ƙamshin wa'azi tun daga shafi na biyu.

A kwatanta da akun Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a 1936, editansa Rupert East yana duba masa. A littafi na ɗaya an bar aku da aikin hana Musa ɗan sarki fita daga gida. Aku ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin tare ƙofa, ba shi da komai sai baki. Dole ya riƙe yaron da labari, dare bayan dare, har gari ya waye. A sa dogari a madadinsa, sai ya kulle ƙofa kawai, littafin ya mutu a shafin farko. Kasancewarsa tsuntsu mai magana ita ce ta haifi labarin.

Haka ma zomon Beatrix Potter, Peter, wanda ya shiga lambun wani manomi ya saci ganye. Potter ta yi kiwon zomo a gida, ta zana shi sau ba adadi, ta san yadda yake tsugunawa da yadda yake kafa kunne. Ta sa wa Peter shuɗiyar riga da takalma, amma a duba abin da ta yi da su. Da manomin ya biyo shi, takalman suka zube, sai ya koma gudu da ƙafa huɗu, gudunsa ya ƙaru. Maɓallan rigar ne suka sarƙe shi a raga, bai tsira ba sai da ya zame ya bar rigar. Duk sanda haɗari ya matso, sai yaron da ke jikinsa ya ragu, zomon ya ƙaru. Kuma tun a farkon labari uwarsa ta gaya masa cewa a lambun nan aka kama ubansa, matar manomin ta dafa shi. Babu ɓoye-ɓoye. A duniyar littafin ana cin zomo, shi ya sa gudun Peter gudu ne na gaske.

Wanda yake neman irin wannan a gida ba sai ya je nesa ba. Ragon layya yana nan. Kowane gida akwai yaron da ya ba shi dusa da harawa wata guda, ya wanke shi da sabulu, ya raɗa masa suna, ranar salla kuma ya ɓuya a ɗaki ya ƙi cin soye. Labarin da aka ba ragon nan baki ba zai yiwu a musanya shi da Ladidi ba, don abin da ke jiransa rago kaɗai yake jira. A kan irin wannan gaɓa E. B. White ya gina Charlotte's Web a 1952: ɗan alade da za a yanka, da gizo-gizon da ta cece shi da saƙarta. Mai zanen littafin, Garth Williams, ya fara zana gizo-gizon da fuskar mace, White ya ce a'a, ainihin gizo-gizo yake so.

Yanzu sai wasiƙar. Mafi yawan amsoshin da marubuci zai samu ba su ce komai ba: mun gode, labarinka bai dace da abin da muke bugawa a yanzu ba, Allah ya ba da sa'a. Wannan takarda ce da aka rubuta sau ɗaya ake tura wa kowa. Wanda ya zauna yana tafsirin “a yanzu”, yana cewa ashe baɗi za su karɓa, ɓata dare yake yi. Amsar da ta cancanci a zauna a kanta ita ce wadda ta ambaci sunan wani a labarin, ko wani shafi. Edita ba shi da lokacin yi wa baƙo ladabi mai tsawo. In ya rubuta sakin layi biyu, ya karanta ne, kuma wani abu ya riƙe shi.

A cikin irin wannan amsa, jimlar da ta ce “ban ga dalilin da ya sa ya zama kunkuru ba”, ko “muryar ɓeran ta yi kama da ta malamin makaranta”, ko “na daina damuwa da shi a tsakiya”, mai karatu ne ya rubuta ta. A ɗauke ta da muhimmanci ko da ta yi zafi, musamman in editoci biyu da ba su san juna ba suka taɓa wuri ɗaya. Jimlar da ta ce “muna da littafin zomo a bana”, ko “makarantu ba sa sayen irin wannan”, ko “ba mu san shekarun masu karanta shi ba”, ta ɗan kasuwa ce. Tana iya zama gaskiya ga wannan kamfanin, ta zama ƙarya ga na kusa da shi. Ba a yi wa labari tiyata saboda ita. Ana canja adireshi ne.

Potter ta nuna yadda ake rarrabewa. Kamfanoni da dama sun ƙi labarinta, har da Frederick Warne, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a ƙarshen 1901, zanen baƙi da fari. Kamfanin Warne ya sake dubawa, ya ce zai karɓa in za ta yi zanen da launi. Ba haka ta so ba da farko, amma ta yarda, don launi bai taɓa ƙashin bayan labarin ba. Wani aminin gidansu kuma ya mayar da labarin waƙa don a taimaka mata, kamfanin ya ce zubenta ya fi, kuma gaskiyarsu ce. Littafin ya fito a Oktoban 1902, kwafi 8,000 a bugun farko. Ga edita da ya ƙi, ya dawo, ya gyara, gyaran kuma ya yi amfani. Masu ba da labarin Adams ba su cika ba da wannan ba.

Murya ta uku, ta matsoraci, an fi jin ta a tarihin Animal Farm na George Orwell, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Gandun Dabbobi a 1975. Ba littafin yara ba ne, amma ya sha duk irin amsoshin nan. A 1944 T. S. Eliot na kamfanin Faber ya yabi rubutun, sannan ya ƙi shi, don a ganinsa ba lokacin sukar Tarayyar Sobiyat ba ne, ana yaƙi tare da ita a kan Jamus. Kamfanin Jonathan Cape ya karɓa, ya janye bayan ya tuntuɓi wani jami'in ma'aikatar watsa labarai, har ya nuna cewa mayar da shugabanni aladu zai ɓata wa Rashawa rai. Wani kamfani a Amurka ya ce labarin dabbobi ba ya sayuwa a can. Babu ɗaya a cikinsu da ya ce rubutun ba shi da kyau. Orwell bai taɓa aladunsa ba, littafin ya fito a Agustan 1945.

Sai dai kada a ce duk ƙorafi a kan zaɓen dabba tsoro ne. Dabba ba farar takarda ba ce, kowace al'umma ta riga ta rubuta wani abu a jikinta. A 1958 Garth Williams ya fitar da ɗan littafi a kan auren baƙin zomo da farar zomanya, a shekarar da ta biyo baya 'yan wariyar launin fata a jihar Alabama suka tayar da ƙura wai yana koya wa yara auren baƙi da fari. Wannan wauta ce. Amma ga misali na gaskiya a wurinmu: a littattafan Turawa mujiya ce mai hikima, ita ce malama mai tabarau. Bahaushe kuwa in ta yi kuka a kan gidansa addu'a yake yi. Marubucin da ya kwaso mujiyar Turawa ya sa ta tana koyar da 'yan tsaki a Hausa, edita ya ce masa yara ba za su yarda da ita ba, to mai karatu ne ya yi magana, kuma ya fi marubucin sanin gida. Ko dai ya nemi dila, ko ya mayar da ƙiyayyar da ake wa mujiya ita ce jigon labarin, wanda ni a ganina shi ya fi daɗi. In kuwa editan waje ne ya ce a mayar da kura kyarkeci don yaransu ba su san kura ba, wannan ɗan kasuwa ne, kuma ana iya ce masa da ladabi ai sanin ta suka zo yi.

Yawancin masu rubuta wa yara da Hausa ba su ma da editan da zai rubuto musu. Su ne marubuta, su ne masu biyan maɗaba'a, su ne masu kai wa makarantu. Amsarsu daga bakin mai shagon littattafai take zuwa, ko shugaban makaranta, waɗanda kusan kullum da muryar ɗan kasuwa suke magana: a ƙara tambayoyi a ƙarshe, a rage shafuka, a sa darasi a fili don iyaye su ga abin da suka biya. Mai son jin muryar mai karatu sai ya nemo ta da kansa. Ya tara yara biyar ko shida waɗanda ba nasa ba, don nasa za su so komai ya rubuta, ya ba wani ya karanta musu, shi ya koma gefe da biro. Kada ya tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e. Ya lura da shafin da suka fara tsokanar juna, da inda wani ya katse mai karatu ya ce, “To sai me ya faru da ragon?” Ya sa alama a wuraren biyu, ya fara gyara daga na farkon.