Lambar Da Ta Gagari Masu Rabo

Kowane farken goro a Agege ya san ƙwarya ɗaya goro 100 ce, kuma tana rabuwa daidai tsakanin mutum 2, ko 4, ko 5, ko 10. To, a ƙara goro ɗaya ya zama 101. Nan rabo ya cije: ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum 101 kowa ya ɗauki ɗai-ɗai. Irin wannan lamba, kamar 7 da 13 da 31, bari mu kira ta gagara-rabo. Tun kimanin shekara 2,300 da suka wuce Yuklid, masanin Girka, ya tabbatar ba su da iyaka.

A cikinsu akwai wani dangi mai sunan Marin Mersenne, malamin Faransa da ya rasu a 1648. A jera 2, a yi ta ninkawa, a cire 1. Biyu sau biyu sau biyu 8 ke nan, a cire 1 saura 7. Idan an jera biyar, 31. Amma fa ba kullum dabarar ke ci ba: in an jera 11 sai a sami 2,047, wadda 23 da 89 suke rabawa.

A watan Oktoba 2024, Luke Durant na Amurka ya gano ta 52 a dangin nan, da taimakon kwamfutoci a ƙasashe 17. An jera 2 har sau 136,279,841, aka cire 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Mai karanta ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya haura shekara da wata uku.

Mai karatu zai ce, ina ruwan farke? Da ruwansa. Kuɗin da ake turawa Kano daga Ikko ta intanet, kulle-kullen lissafi ke tsaronsu. Ɗaya daga ciki, RSA, wanda aka ƙirƙiro a 1977, ya dogara ga wannan: ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga amsar sai kwamfuta ta tsufa.

Sai dai ƙatuwar ta Durant ba ta tsaron ko kwabo, don mabuɗin da duniya ta sani ba ya kulle shago. Waɗanda ake aiki da su alƙaluma kamar 300 ne kowace, kuma ɓoye su ake yi.