Daga Ikko zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Sama?

Duk shekara idan aikin Hajji ya gabato, a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan ba a rasa gardama kan tsawon tafiyar Jidda. Wani ya ce awa bakwai da rabi ya yi a sama, wani ya rantse da zai dawo awa uku da rabi kacal ya yi. Dukansu agogo ne ya ruɗe su.

Daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa Jidda, in an miƙe sak, kimanin mil 2,600 ne, watau kilomita 4,200. Daga Kano kuwa kimanin kilomita 3,400. Babban jirgi yakan ci wajen kilomita 850 a awa guda, saboda haka idan aka haɗa da tashi da sauka, mutumin Ikko zai yi kamar awa biyar da rabi, na Kano kuwa huɗu da rabi.

To, agogon Makka yana gaba da na Nijeriya da awa biyu, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da za a sauka ne. Jirgin da ya tashi Ikeja ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda 5:30 na asuba a agogonsu, alhali a gida 3:30 ne. A dawowa sai lissafin ya juye. Wanda zai canja jirgi a wani gari, ko mai shan magani bisa ƙa'ida, lalle ya kiyaye wannan.

Amma jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Hanyar ta ratsa Chadi da Sudan ne kafin Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka riƙa kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, man jirgi ma ya ƙaru.

Yanayi ma yakan sauya wa jirgi masauki. Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda zai je Ikko, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar da shi Kano. Ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya.

Wannan hanyar dai ita ce mutanen da suka bi a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar teku a Sawakin. Wasu sukan shekara biyar ko fiye, suna tsayawa noma da ƙwadago don neman guzuri. Da yawa ba su dawo ba. Jikokinsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno, bakin kogin Nilu, suna jin Hausa da Fulatanci.