Waƙar da aka ƙi a gida

Ran 21 ga watan Satumba na shekara ta 1992, waɗansu samari biyar na garin Abingdon, cikin ƙasar Ingila, masu ƙungiyar kiɗa mai suna Radiohead, suka fid da waƙarsu "Creep" bisa faifai. Kiɗan rok ne, irin na matasan da suka kauce ma salon kasuwa. A cikinta mawaƙinsu, Thom Yorke, yana kukan saurayin da ke ganin bai kai darajar wadda yake so ba.

A gida ba ta samu karɓuwa ba. Tashar Radio 1 ta BBC ta ga baƙin cikinta ya yi yawa, ta jingine ta. Cikin jerin fayafayan da aka fi saye, ta 78 ta tsaya.

Amma rediyon Isra'ila ya ɗauke ta, kana wata tasha ta San Faransisko, a Amurka, matasa suka yi ta neman ta. Da aka sake fid da ita a Ingila cikin 1993, sai ta hau ta 7.

Masu tace waƙa sun faɗi tasu, amma kunnen jama'a ne ya yanke hukunci.