Littafin Mai Shago da Katin Bashi

A bakin layinmu akwai shago, a shagon akwai wani littafi irin na 'yan makaranta, bangonsa ya sha manja har yana sheƙi. Yana zaune ƙarƙashin gwangwanayen madara, da biro ɗaure a jikinsa da zare. Kusan kowane magidanci a layin yana da shafinsa, nawa yana wajen tsakiya. Daga ashirin ga wata, idan albashi ya ce ga garinku, sai a fara aiken yara: "Ka ce in ji Baba, a ba da taliya biyu da sukari rabin kwano, a rubuta." Wannan "a rubuta" ita ke riƙe da tukunyar gidaje da yawa, musamman tun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na kwanon shinkafa suka tashi tare.

Abin da ya sa na tuna da littafin nan, ƙanena ne da ke tuƙin tasi a Amurka ya zo ganin gida. Muna hira bayan sallar isha'i ya zaro katuna uku daga aljihu ya jera a kan tabarma. Na ce ai mu ma muna da ATM. Ya ce, "A'a Yaya, naku kuɗinku ne kuke cirewa, in sun ƙare inji ya dawo muku da kati. Waɗannan kuɗin banki ne nake kashewa, a ƙarshen wata su aiko min da lissafi." Na ce to ashe littafin mai shago ne aka mayar da shi roba.

Kuma asalin abin haka yake. A 1950 aka fara katin Diners Club a birnin New York, don 'yan kasuwa su ci abinci a gidajen abinci su sa hannu, lissafi ya biyo su a ƙarshen wata su biya gaba ɗaya. "A rubuta" ce ta masu hannu da shuni. Sai a 1958 Bank of America ya aika wa mutanen garin Fresno na jihar Kalifoniya katuna wajen 60,000 ta gidan waya, ba tare da sun nema ba, da wani sabon sharaɗi mai daɗin ji: ba dole ka biya duka ba, ka ba da kaɗan, saura ya jira wata mai zuwa da kuɗin ruwa a kansa. Katin nan ne ya zama Visa a 1976.

A nan suka raba hanya da littafin layinmu. Mai shago yana da fuska. Da shi muke sahu a masallaci, shi ya zo sunan 'yata. Idan shafina ya yi nisa ba ya cewa komai, sai dai yaro ya dawo da taliya ɗaya maimakon biyu, ni kuma na gane karatun. Akwai watan da na riƙa zagayawa ta bayan layi don kada mu haɗa ido. Kunyar nan tana da ciwo, amma ita ce birki. Kati ba shi da ido balle ka ji nauyinsa. Ka dangwala shi a inji, ya yi ƙara ɗaya, ka ɗauki kaya ka fita kamar wanda aka yi wa kyauta. Kuma idan kana biyan ɗan abin da suka yanka maka a kan lokaci, sau da yawa ƙara maka iyakar bashin suke yi.

Sannan mai shago bai taɓa ƙara min ko sisi a kan abin da na ci ba. Dubu goma sha biyu na ci, dubu goma sha biyu zan biya, ko da na yi wata biyu. Kati ma yakan yi wannan kara, amma ga wanda ya biya lissafinsa cif kafin ranar da aka sa. Wanda ya bar saura, a nan ake cin kasuwarsa. Na sa ƙanena muka yi lissafin da naira don in fahimta. A ce ana bin ka 100,000, ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata, kai kuma kana ba da 5,000 duk wata. A watan farko 3,000 ruwa ya sha, 2,000 kacal suka taɓa uwar kuɗin. Ko ba ka sake sayen allura da katin ba, sai ka yi wata 31 kana biya, kuma abin da zai fita daga aljihunka ya kai wajen 155,000. Kamar mai kwarfe ruwa ne daga ɗakin da ke yoyo, ga sama ba ta ɗauke ba. A Amurka sai da aka yi doka a 2009 da ta tilasta wa bankuna rubuta wa mutum a takardar lissafinsa tsawon lokacin da zai ɗauka idan mafi ƙaranci kawai yake biya. Duk da haka a 2023 bashin katunan ƙasar ya haura dala tiriliyan ɗaya, ruwan da ake ɗorawa kuma ya wuce kashi 20 a shekara. Maganar haramcin riba kuwa, ba sai na tsaya a kanta ba, kowa ya ji ta tun yana makarantar allo.

Mu a nan katin bashi bai yaɗu ba, amma ƙanwarsa ta shigo ta waya. Manhajojin ba da rance, minti biyar kuɗi sun faɗo asusu, kwana bakwai ko goma sha huɗu a dawo da su da ƙari. Wani abokin aikina ya ci na ɗaya, ranar biya ya ci na biyu ya biya na farko, ya ci na uku ya rufe na biyu, ana tona rami ana cike rami. Ran da ya kasa, sai saƙo ya shiga wayar surukinsa da ta limamin unguwarsu cewa ɓarawo ne. Kunyar da aka ɗauke masa ranar karɓa, aka tara aka sauke masa gaba ɗaya. Irin wannan tozarci ya sa a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu manhajojin a Legas, ta kuma wajabta musu rajista.

Ƙanena ya ce shi ma bashin katunan ya taɓa shaƙe shi, abin da ya fara ceto shi takarda ce guda. Ya zauna ya rubuta kowane kati, nawa ake bin sa, nawa ne ruwansa, yaushe ne ranar biya. Ya ce sai da hannunsa ya yi rawa, don bai taɓa ganin jimillar wuri ɗaya ba. Ban yi mamaki ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Daga nan ya riƙa ba kowane kati ɗan abin da zai hana tara, duk rarar da ta samu kuma ya zuba wa wanda ruwansa ya fi tsada, kamar yadda ake fara toshe yoyon da ke saitin gado. Akwai masu cewa a fara da ƙaramin bashi don zuciya ta samu ƙarfi. Ban raina wannan ba, mutum ba kalkuleta ba ne, amma kuɗi ya fi fita ta nan. A lokacin, katuna biyu ya bar su a akwati a gida, kuma ya kira bankin da kansa tun kafin su neme shi, suka yanka masa biyan da zai iya.

Wannan na ƙarshe ni ma na san shi. Albashin watan jiya ya makara, sai na je shago da ƙafata na ce, "Malam, rabi zan iya yau, rabi sai ranar goma." Ya jawo littafin daga ƙarƙashin madara, ya lashi yatsa ya buɗe shafina, ya ja layi a kan rabin, ya rubuta kwanan wata a gefe. Sannan ya ɗago ya ce, "Ba komai, Yallaɓai. Yau a sa taliyar, ko a bari?"

Na ce a bari, akwai garin masara a gida.